Baba da Ƙwarangwal Bakwai

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likitan gashin ƙashi ya ba shi wata 'yar ƙwallon roba ja, ya ce ya riƙa matsa ta sau ɗari da safe, sau ɗari da yamma. Baba ya karɓa da hannun hagu, ya yi godiya har da ɗan russunawa. Muna isa gida ya tokare ƙofar falo da ita don iska ta daina bugo ta, ya ja baya ya duba, ya ce lallai likitan nan ya san aikinsa.

Hawan jini ne ya taɓa shi, amma Allah ya taƙaita. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo har ya fi na da. Hannun dama ne kawai ya ƙi, yatsun suka lanƙwashe suka yi zamansu. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shugabancin ma'aikata a wurin gini, yana nuna wa mutum arba'in abin yi da yatsa ɗaya, sai ga shi ni nake ɓalle masa maɓallin riga kowace safiya. Ina yi yana kallon silin, ni kuma ina kallon maɓalli.

Mu biyu ne a gidan tun rasuwar Mama. Ni ne auta, gyaran waya nake yi, in fita da safe sai yamma. Yayata kuwa ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda majinyaci kan shanye magani da ya jiyo takunsu. Ta zo ta ga ƙwallon a bakin ƙofa, ta ja kujera ta zauna gaban Baba.

"Baba, ƙarshen wata zan dawo," in ji ta. "In ka ɓalle rigarka da kanka, shi ke nan. In ba haka ba, gidana za ka koma. Na gyara maka ɗaki."

"Gidan nan ni na ɗora kowane bulo nasa," in ji Baba.

"Na sani. Amma Auta ba ya wuni a gida, kuma yatsun nan in suka ƙara wata biyu a haka, sun ƙage ke nan."

Ta tafi ta bar mu. Baba ya sha mur har yamma. Ni kuma, in faɗi gaskiya, hankalina ya fi nasa tashi, don na san in aka fitar da shi daga gidan nan, ba zai daɗe ba.

Dabarar da ta zo min ita ce gem, wato wasan bidiyo. Ina da na'urar wasa a ɗakina, sai na jona ta da talabijin ɗin falo. Lissafina mai sauƙi ne: rimot ɗin wasan yana da madannai bakwai ko takwas a ɓangaren dama, kuma irin wasan nan na shiga kurkuku ana saran dodanni ba ya barin yatsa ya huta. Na ce, "Baba, ka ga wannan mai gatari? Kai ne shi. Ka danna nan ya sara, ka danna nan ya yi tsalle."

Baba ya kalli mai gatarin, ƙato, ba ko riga. "Wannan ai lebura ne," in ji shi. "Nuna min sauran."

Na nuna masa mai baka, ya ce ba ya harbi. Na nuna masa mai jifa da wuta, ya ce bai yarda da idonta ba. Sai muka zo kan wani siriri mai doguwar riga da sanda, ya tsaya ya harɗe hannu kamar ana jiransa a wani wuri.

"Shi wannan me yake yi?"

"Mai kira ne. Ba ya faɗa da kansa. Ƙwarangwal yake tayarwa daga ƙasa su yi masa faɗan."

"Shi yana ina lokacin?"

"Yana baya yana kallo."

Na ga fuskar Baba ta washe, irin washewar da ban gani ba tun kafin asibiti. A nan ya kamata in gane na tafka kuskure, amma murna ta rufe min ido.

A wasan, duk lokacin da ka hau mataki sai a ba ka maki ɗaya, ka kai shi allon dabaru ka zuba inda kake so. Allon mai kira reshe uku ne. Na farko na yawa ne da ƙarfi: ƙarin ƙwarangwal, ƙarin kaurin ƙashi, ƙarin kaifin makami, ka zuba maki ka manta, su ci gaba da aiki. Na biyu na jifa ne, wuta da tsinuwa da mai kiran ke yi da hannunsa, kowanne da madanninsa. Na uku na kula da ma'aikata ne: ka ɗinke wanda ya karye, ka sa wa wani garkuwa, ka busa musu su janyo baya. Duk wanda ya san wasan ba ya kallon reshe na uku, don in ƙwarangwal ya faɗi, danna ɗaya ne ka tayar da wani.

Na yi wa Baba bayani dalla-dalla, na zuzuta reshe na biyu har na kusa yi masa waƙa. Ya saurara da kyau. Sannan ya yi tambaya ɗaya: "Wanne ne ba ya buƙatar in sa hannu?"

Cikin kwana biyar Baba ya gina abin da ni ban taɓa ginawa ba a shekara huɗu ina wasan. Kowane maki ya tafi reshe na farko. Ya ɗora rimot a gwiwa, ya tsallako da hannun hagu ya danna kira, ƙwarangwal bakwai su fito suna karkaɗe ƙasa, sannan ya tura mai sandar da babban yatsan hagu a hankali, tafiyar mai duba gini. Hannun dama kuwa yana kwance a kan matashin kujera, ko ƙuda bai kora ba. Har shayi yake sha ana tsakiyar yaƙi.

Ya kuma raɗa musu suna, sunayen tsofaffin ma'aikatansa. Akwai Dogo da Gajere, akwai Mai Shebur, akwai Ba-Barci, akwai Tagwaye su biyu, sai wani mai tsayawa a baya kullum kamar yana neman abin da ya yar, shi ne Sarkin Uzuri. Kowace safiya kafin a shiga kurkuku sai ya jera su ya kira suna.

"Ka ga ma'aikata," ya ce min wata yamma da na dawo. "Ba hutun cin abinci, ba kakata ta rasu sau uku a shekara. Da na same su tun da, da na gina rabin duniya."

"Baba, hannun fa?"

"Wane hannu? Aiki yana tafiya ko ba ya tafiya?"

Saura kwana goma sha tara Yaya ta zo. Sai na yanke shawarar yin magudi. A cikin garin wasan akwai wata tsohuwa da ke wanke maka maki ka sake rabo. Da safe Baba ya shiga wanka, na lallaɓa na kai mai sandarsa wurinta, na zare maki shida daga reshe na farko na zuba a jifa da wuta. Na mayar da komai yadda yake, har karkatar rimot ɗin a kan matashi, na koma kicin ina wanke kofi ɗaya sau uku.

Ya fito, na ɓalle masa riga, ya zauna ya danna kira. Sannan na ji muryar nan da ke sa mai kwaɓa siminti ya miƙe tsaye daga hawa na uku.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Mutum biyar nake gani. Ina Tagwaye?"

"Wataƙila na'urar ce ta..."

"Shekara talatin da ɗaya ana ƙoƙarin sace min mutane daga layin safe a kai su wani aiki. Injiniyoyi sun gwada, 'yan kwangila sun gwada. Kai da ka saba da sukurun waya za ka iya? Mayar min da su."

Na mayar. Ya sa na tsaya har ya ƙirga su sau biyu. Daga ranar kuma rimot ɗin ya koma kwana a aljihun babbar rigarsa, yana shiga banɗaki da shi.

Kwana biyu ina tafiya shago ina dawowa ba dabara. Rana ta uku na dawo da wuri, na same shi gaban wani babban dodo mai guduma. Dodon ya kai duka ɗaya, uku daga cikin bakwai suka watse kamar an zubar da tsintsiya. Baba ko a jikinsa. Ya tsallako da hagu ya danna, uku suka fito, aka ci gaba.

"Baba, ba ka jin tausayinsu?" na ce, don tsokana kawai.

"Tausayin me? Faɗuwa suke in tashe su. Ai abin da ya sa nake son aikin nan ke nan, ba wanda ke mutuwa."

Na bar cire takalmin da nake yi. Wato Baba ya ɗauka waɗanda suka faɗi su ne ke tasowa. Na san halinsa sarai. Na san abin da yake alfahari da shi a duniya ba gidajen da ya gina ba ne. Abin da yake faɗa wa kowane baƙo shi ne, a duk shekarunsa ba a taɓa ɗaukar gawar ma'aikaci daga wurin gininsa ba. Da wani ɗa nagari ne, da ya yi shiru. Ni kuwa na gyara zama.

"Baba, Dogo wace irin hula yake da ita da safe?"

"Ta ƙarfe, mai tsaga a gefe."

"Duba shi yanzu."

Ya matso da fuska. Wanda ke tsaye a wurin Dogo kansa a buɗe yake, da ɗan gatari maimakon takobi.

"Ya yar da ita ne."

"Ba shi ba ne, Baba. Sabo ne. In ɗaya ya faɗi, ya tafi ke nan. Wani ake kawo maka."

"Ƙarya kake."

Na karɓi rimot ɗin, na buɗe shafin da wasan ke ajiye tarihin komai, na gangara zuwa layin da ke nuna adadin waɗanda aka kira suka faɗi. Baba ba ya karanta yaren wasan, amma lamba ba ta buƙatar tafinta. Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ya daɗe yana kallon lambar. Na so in yi dariya, da na ga fuskarsa sai na fasa. Na fara cewa ai zane ne kawai, ba rai gare su ba, ya ɗaga min hannu.

"Kira min Dogo a waya," in ji shi.

"Dogo na gaske?"

"Akwai wani ne?"

Na kira. Dogo na gaske, wanda yanzu gadi yake yi a wani sito, ya sha mamaki. Baba ya tambaye shi lafiyarsa, da ta iyali, da ta ƙafarsa, sannan ya ce masa ya riƙa sa hula, ya kashe wayar. Ya juyo gare ni.

"Kai ni wurin tsohuwar nan taka."

Abin da Baba ya yi a allon dabaru ranar, da masu wasan za su gani da sun yi kuka. Ya bar makin da ke riƙe masa mutum bakwai, bai taɓa shi ba. Duk sauran, kaifin makami da saurin sara da komai, ya kwashe ya juye a reshe na uku. Ɗinkin ƙashi har ƙarshe. Garkuwa har ƙarshe. Busar janyewa, wadda ban taɓa ganin ko mutum ɗaya ya saka mata maki ba, ita ma har ƙarshe.

"Baba, yanzu fa ba su da ƙarfin kashe ko ɓera."

"Na tambaye ka?"

"Kuma waɗannan ba a zubawa a manta. Sai ka danna a daidai lokacin, kana tafiya kana dannawa. Hagu kaɗai ba zai iya ba."

Na faɗi wannan da muryar mai jimami, fuskata kamar ta mai kai gaisuwar rashin lafiya. Baba ya kalle ni kallon da ya nuna ya gane ni tsaf. Sai ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama daga kan matashi, ya ɗora shi a kan rimot, ya jera yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan madannai.

Ranar farko abin ba kyan gani. Babban yatsa yana zamewa, manuni ya ƙi lanƙwasa, gumi yana zubo masa har gemu. Sai ya koma matakin farko, wurin ƙananan dodanni, ya ce ba ya kai mutane aikin da bai shirya masa ba. Yaƙin da ake gamawa cikin minti biyu, Baba yana kai rabin awa. A ɗan taɓa Gajere, ya busa a janye, ya ɗinke shi, ya sa masa garkuwa, ya duba sauran, sannan a koma. Dodannin ma ina jin gajiya ce ke kashe su. Maƙwabciyarmu ta tare ni a ƙofa ta tambaya ko leburori muka ɗauka, don tana jiyo Baba yana ta ihu, "Ba-Barci, dawo nan! Wa ya aike ka?"

Ni kuma na zama mai kai rahoto. Kowace yamma sai na buɗe masa shafin nan ya ga lambar. Ɗari huɗu da goma sha biyu. Washegari ma haka. Kwana goma sha huɗu lambar ba ta motsa ba. Yatsun kuwa suna motsi, ba da kyau ba, amma suna yi. Ranar da na ga ya ɗauki kofin shayi da dama ba tare da ya lura ba, sai na shige kicin da sauri don kada ya ga fuskata ya ajiye.

Maɓalli dai ya gagara. Danna abu daban, cusa ɗan ƙaramin abu a rami daban.

Safiyar da Yaya za ta zo, na shiga ɗakinsa na rage murya. "Baba, bari in ɓalle maka biyar, ka bar na ƙarshe. Tana shigowa sai ta same ka kana gamawa."

"Magudi a gini ka taɓa ganin ya tsaya? Fita."

Na fita. Ya shafe kusan awa a ciki. Da ya fito, maɓalli uku ne a ɓalle cikin shida, kowanne kuma a ramin maƙwabcinsa, kwalar ta karkace, gefe ɗaya na rigar ya fi ɗaya tsawo. Bai dube ni ba. Ya zauna ya kunna wasa, ya kira suna, sannan ya nufi ƙofar mai gudumar nan, wanda ya yi sati biyu yana kauce masa. Ina jin so yake in za a tafi da shi, ya bar aikin a gama.

Ana tsakiyar yaƙin Yaya ta shigo da jakar da za ta zuba kayansa, tasi yana jira a waje. Ta kalli rigar, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ki tsaya daga nan, akwai mutane a ƙasa."

Ta tsaya. Talabijin ba ta dame ta ba, hannun take kallo. Babban yatsa yana tsalle daga ɗinki zuwa garkuwa, manuni yana matsa busa, ya saki, ya sake matsawa. Minti ashirin muna tsaye. Dodon ya kusa ƙarewa, ya ɗaga gudumar a karo na ƙarshe, Baba ya busa, shida suka janyo. Sarkin Uzuri, kamar kullum, ya tsaya a baya. Garkuwar gaggawa tana madannin ƙasa, wurin yatsan tsakiya. Na ga yatsan ya yunƙura, ya yi rawa, bai kai ba.

Gudumar ta sauka. Sauran shidan suka ƙarasa dodon, kiɗan nasara ya tashi, zinariya ta zubo ko'ina a allon. Baba bai kalla ba. Bai danna kira ba. Ya ajiye rimot ɗin a hankali, ya zauna yana duban hannunsa.

Ni dai na san zane ne, Yaya ma ta sani, amma ba wanda ya yi gigin faɗa.

Sai Baba ya miƙa wa Yaya hannun, tafin a sama.

"Wannan ne ya makara," ya ce, yana nuna yatsan tsakiya da haɓa. "Ke kin san aikin. Nuna min yadda ake sa shi ya ji magana. Ko zai yi zafi, ki yi."

Yaya ta ajiye jakar. Ta jawo ɗan tebur ta zauna a kansa, ta riƙe hannun da nata biyu. Da muryarta ta fito, ta asibiti ce sak.

"Lanƙwasa. A'a, kai kaɗai, ba zan taya ka ba. Sake. Sau talatin za mu yi, kuma gobe ina nan tafe bayan na tashi aiki, jibi ma haka." Ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, me kake tsaye kana kallo? Je ka sallami mai tasi."

Na fita da gudu har ina tuntuɓe da takalmi. Mai tasin ya leƙo ta taga ya ga idona ya yi ja, ya tambaya ko jikin tsohon ne ya tashi. Na ce masa a'a, lafiyarsa ƙalau, ba ya zuwa ne kawai.